Kumburin ɗana ya sace ya koma ƙashi da fata, Hajiya ta ce mu bar asibiti

Ga saƙon da wata 'yar uwa ta turo min, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min kaina ya kulle. Yarona ɗan wata 19 ne, yau kwananmu 5 a asibiti. Ya yi ƙyanda wata biyu da suka wuce tun daga nan bai koma daidai ba, ga gudawa tana zuwa tana tafiya, a lokacin kuma na gane ina da shigar ciki sai Hajiya, uwar mijina, ta ce a yaye shi kar ya sha ciki, aka kai shi wajenta. Da aka dawo min da shi na ga kumatunsa sun ciko ƙafafunsa sun yi ɓul-ɓul har muna murna ya yi ƙiba, sai dai ba ya wasa ba ya dariya, gashinsa ya yi ja yana zubewa, fatar cinyarsa tana saɓulewa kamar ƙuna. Da muka zo aka ce tamowa ce mai tsanani aka ba mu gado. To Anti tunda muka zo wata madara tsululu kawai ake ba shi 'yar kaɗan, ba ƙarin ruwa, ba maganin ƙarin jini, an hana ni ba shi kunu, yanzu kumburin ya fara sacewa ya koma ƙashi da fata, kullum aka ɗora shi a sikeli raguwa yake. Hajiya ta ce da yunwa za su kashe shi, gobe mu tattara mu koma gida akwai mai maganin shan ciki. Maigida ya ce duk abin da Hajiya ta ce shi za a yi. Ni kuma kunya ta ishe ni, ana ta cewa wai mun kasa ciyar da ɗanmu. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Saƙonki ban bari ya bi layi ba saboda wannan "gobe" da kika sa a ciki. Kar ki fitar da yaron nan daga asibiti gobe, kar ki fitar da shi jibi, sai ranar da likita ya buɗe baki ya ce an sallame ku. Na yi shekaru ina aikin nas a ɗakin yara masu tamowa, kuma wallahi duk abubuwan da kika lissafa a matsayin sakaci, madarar tsululun, rashin ƙarin ruwan, raguwar a sikeli, ni da na karanta su hankalina kwanciya ya yi, don sun nuna min ɗanki yana hannun waɗanda suka san aikinsu.

Mu fara da kumburin tunda shi ya yaudare ku tun farko kuma shi yake neman ya sake yaudararku yanzu. Abin da kuka ga ya ciko a kumatunsa da ƙafafunsa ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata. Kin san in aka jiƙa gero za a yi kunu yana kumbura ya cika kwano ya yi nauyi, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru ba, ruwa ya sha, to haka ɗanki ya yi. Akwai gwajin da muke yi, na tabbata an yi masa ranar da kuka zo ko da ba ki lura ba: a riƙe ƙafafun yaro duka biyun, a danna bayan ƙafar da babban yatsa a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali sannan a ɗaga, in wurin ya lotsa ya zauna a lotse kamar kin danna kwaɓaɓɓen fulawa, kuma a ƙafa biyun ne ba ɗaya ba, to kumburin tamowa ake zargi. Ƙiba ba ta yin haka, kina ɗaga yatsa naman ke dawowa. Kuma kumburin hawa-hawa ne, in a ƙafa kawai ya tsaya shi ne matakin farko, in ya hau ƙwauri da hannuwa na biyu, in ya kai fuska har idanu sun ƙanƙance to ya kai na uku, kuma yaron da ya kai na uku ba a ba shi magani a ce ya je gida, dole gado. Naki kin ce kumatu sun ciko, kin ga ke nan inda yake. Likita kan duba fitsari ma saboda ciwon ƙoda shi ma yana kumbura yara, don haka in aka ce ki tari fitsarinsa kar ki ga kamar ɓata lokaci ne.

To yanzu ruwan nan ne yake fita, yana fitsare shi, shi ya sa sikeli ke raguwa, kuma a kwanakin farko mu raguwar nan muke jira, har daɗi muke ji in mun rubuta ta a kati. Wannan ƙashi da fatar da kike gani yanzu dama can haka yake tun yana gida, ruwa ne ya lulluɓe ramar ya ɓoye muku. Na san ganinsa da ciwo, ƙasusuwan haƙarƙari a waje, fatar ɗuwawu ta yi yaushi ta zazzago kamar an sa masa wandon da ya fi shi, fuska kamar ta ɗan tsoho. Amma abin da zai tsorata nas shi ne akasin haka, a ce yaro mai kumburi an wayi gari nauyinsa ya yi tsalle sama, fatar ido ta ƙara cikowa, numfashi ya ƙaru, wannan yana nufin ruwa ya yi wa zuciyarsa yawa.

Tamowa mai tsanani fuska biyu gare ta. Akwai busasshiya, wadda yaro ke ramewa kawai ba kumburi, irin wannan ko makaho ya shafa ya san ba lafiya, kuma sau da yawa yaron yana jin yunwa yana neman abinci. Akwai mai kumburi irin ta ɗanki, wadda a asibiti za ki ji ana ce mata kwashiyoko, ita ce mai zuwa da jan gashi mai laushi da kina shafawa yana biyo hannunki, da fatar da ke yin baƙi-baƙi tana ɓarewa kamar tsohon fenti a bango ta bar jan nama a cinya da matsematsi da bayan gwiwa, da ƙin abinci, da wannan zaman shiru na yaron da ba ruwansa da kowa, in an taɓa shi ya yi 'yar ƙara mara ƙarfi in an ƙyale shi ya zuba wa bango ido. Wani yaron kuma duka biyun ne ke haɗe masa. Wannan igiyar awo mai kala uku da ake naɗa musu a damtse, ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in ta nuna ƙasa da santimita 11.5 ja ke nan, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Amma mai kumburi a ƙafa biyu ko awonsa ya faɗa a kore ana lissafa shi cikin masu tsanani, saboda ruwan na iya cika damtsen.

Sunan kwashiyoko ɗin ma yana da labari da ya shafe ki kai tsaye. Wata likitar yara, Cicely Williams, da ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana a shekarun 1930, ita ta rubuta bayanin ciwon ta kuma ɗauko sunan daga bakin mutanen Ga na Akara, a wajensu ma'anarsa ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Kin ga su ma sun lura da abin da iyayenmu suka lura da shi suka kira shi shan ciki. Hajiya ba ƙarya ta gani ba, da gaske yaran da uwarsu ta samu ciki suna goye suna yawan lalacewa, inda aka samu kuskure shi ne dalilin. Nonon mai ciki ba guba ba ne, ba ya ruɓewa ba ya komawa wani abu. Abin da ke kada yaron shi ne a cire shi daga nono rana ɗaya, a raba shi da uwarsa, a bar shi da koko tsululu da ɗan tuwon da ba ya iya ci sosai, ga shi dama ƙyanda ta riga ta cinye masa jiki ta bar shi da gudawa. Naki duk ukun suka haɗu masa a wata biyu, ƙyanda, gudawa, yaye. Ko a addini akwai hadisi a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, wadda malamai suka fassara da kusantar mai shayarwa ko shayarwa da ciki, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Ban kawo wannan don ki je ki yi wa Hajiya gori ba, a'a, na kawo ne don ki cire wa ranki cewa cikin da ke jikinki ne ya sa wa ɗanki ciwo.

Yanzu maganar madarar da ta fi damun ku. Jikin yaron da tamowa ta ci ya rage wa kansa komai don ya rayu, zuciya ta ƙanƙance tana bugawa a hankali, hanta ta yi rauni ba ta iya ajiye suga, hanji ya yi siriri ba ya iya narkar da abinci mai nauyi, ƙoda ba ta iya fitar da gishiri da ruwa yadda ta saba. Wuta ce da ta kusa mutuwa saura ɗan garwashi, duk macen da ta taɓa hura murhu ta san in ta jibga mata manyan itace kashe ta za ta yi, sai dai ƙirare, kaɗan-kaɗan, ana fifita. Madarar nan sunanta F-75, an haɗa ta ne musamman don waɗannan kwanakin, duk mililita 100 tana da kalori 75 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), an rage mata gishiri da furotin an ƙara mata sinadaran da jikinsa ya zubar irin su fotasiyam da magniziyam, kuma ba ido ake aunawa da shi ba, da nauyin yaron ake lissafa abin da zai sha, ana ba shi duk awa 2 ko 3 dare da rana. Ba a haɗa ta don ta sa ƙiba ba, aikinta ta riƙe ransa ta daidaita cikin jikinsa har ya iya karɓar abinci. Yaron da aka ɗura wa abinci mai yawa a wannan matakin saboda tausayi yana iya mutuwa a kwana biyu ko uku, zuciyar ce ke kasawa, na ga hakan da idona kuma iyayen ba mugunta suka yi ba, so ne.

Haka ƙarin ruwa. Mu a wajenmu in ba a rataya wa mara lafiya leda ba kamar ba a yi masa komai ba, amma ga mai tamowa ruwan da ake sawa ta jijiya yana tafiya kai tsaye ga zuciyar da ba ta da ƙarfi ya cika huhu, shi ya sa ba a sa shi sai yaro ya kai matakin da jini ya kasa zagayawa, hannu ya yi sanyi ya fita hayyacinsa, kuma ko a lokacin nas na tsaye a kansa tana ƙirga numfashi. In gudawa ta zubar masa da ruwa akwai wani ruwan gishiri da suga nasu na daban, ReSoMal, gishirinsa bai kai na wanda ake saya a kemis ba, da cokali ko kofi ake ba shi a hankali. Don haka kar ki aika a sayo miki na kemis ki ba shi a ɓoye. Kuma a nan ana buƙatar bakinki, domin mai tamowa dama idonsa a zurme yake fatarsa a yamutse, wahala ne a gane ƙarancin ruwa da kallo, ke ce za ki ce wa nas "idon nan jiya ba haka yake ba" ko "tun azahar ya yi zawo sau kaza kuma ruwa ne zalla".

Maganin ƙarin jini kuwa da gangan aka jinkirta shi, ko da gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa. Sinadarin ƙarfen da ke cikinsa a makon farko jikin ba ya iya sarrafa shi, ƙwayoyin cuta ne ke amfana da shi su ƙara ƙarfi, sai ya fara ci ya fara ƙara nauyi ake ba shi. In jinin ya yi ƙasa sosai har yana barazana, wannan likita zai sa a yi ƙarin jini ne gaba ɗaya, a hankali. Ki riƙa duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa, in sun yi fari fat ki nuna. Kuma na tabbata ana yi masa allura ko ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da ba ya zazzaɓi, saboda jikin mai tamowa ba shi da ƙarfin da zai yi zazzaɓin ma, yaro na iya ɗauke da nimoniya ko cuta a jini jikinsa sanyi ƙalau. In sun ce za su gwada shi tarin fuka ko ƙanjamau ko sikila kar ranki ya ɓaci, yaran da aka kwantar da irin wannan akan duba su.

Dan Allah ƙanwata, abin da 'yan dubiya za su shigo da shi a fulas ko a gora, ki tsaya a kansa. Kunun kanwa musamman, kanwa danginsu ɗaya da gishiri a jiki, za ta dawo da kumburin ta danne zuciya. Jiƙo, saƙe-saƙi, lemon kwalba, romo mai magi, duk a dakata. Addu'a da tofi kuwa a yi ta yi ba dare ba rana, ba wanda zai hana. Sai ɗura, wannan da ake kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a zuba, ko madarar asibitin ce kar a yi masa haka, yaron da ba shi da ƙarfin tari abin huhunsa yake wucewa. Ki zaunar da shi a jikinki ki ba shi da kofi, in ya kasa shanye yawancin abin da aka auna masa ki faɗi gaskiya kar ki zubar ki ce ya sha, za a sa masa 'yar roba ta hanci zuwa ciki. Mata da yawa in sun ga robar nan sai su fashe da kuka suna ganin alamar mutuwa ce, wasu har su zare ta, alhali hanya ce kawai ta kai abinci inda ya kamata, kwana kaɗan ake cire ta.

Abin da na fi so ki riƙe daga duk wannan dogon rubutun shi ne dare. Abubuwa biyu ne suka fi ɗauke yaran nan a kwanakin farko, sanyin jiki da faɗuwar suga, tare suke tafiya kuma sun fi zuwa tsakanin tsakar dare da asuba. Ban manta wani dare da damina ina zagaye wajen ƙarfe huɗu, na zo gadon wata yarinya mai kumburi uwarta ta kwana uku ba ta runtsa ba barci ya sace ta a zaune, zanin yarinyar ya jiƙe da fitsari fanka na kaɗawa, kofin madarar ƙarfe uku na nan a ajiye ba a taɓa ba saboda uwar ta ga tana barci ta ji tausayin tashinta. Na sa hannu a cikinta na ji shi kamar randa, na ɗaga hannunta ya faɗo yaraf. Muka ba ta ruwan suga nan take, muka cire jiƙaƙƙen zanin, muka kwantar da ita a ƙirjin uwar fata da fata muka lulluɓe su tare muka sa mata hula, aka bi da madara, kafin gari ya waye ta buɗe ido. Da an ƙara awa ɗaya ban san me zan tarar ba. Saboda haka ko yana barci lokacin madara ya yi ki tashe shi, ki sa ƙararrawa a wayarki. Hula da safa kar su bar jikinsa, yana jiƙa pampas ko zani ki canja, kar ki yi masa wankan sassafe, in za a yi a bari rana ta ɗaga a yi da ruwan ɗumi a goge shi maza, kar kuma a sa masa gorar ruwan zafi a jiki don fatarsa ba za ta ɗauka ba. In an auna zafin jikinsa a hammata aka ga ƙasa da digiri 35, wannan gaggawa ce daidai da zazzaɓi mai zafi.

Ki tashi ki kira nas, ko ƙarfe nawa ne, ko za ta haɗa rai, in kin ga barcinsa ya yi nauyi kin tashe shi ya ƙi tashi, ko jikinsa ya saki, ko ya yi sanyi, ko idonsa ya kafe ko wani sashe na jikinsa na fizga, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko numfashinsa ya ƙaru. Numfashin za ki iya ƙirgawa da kanki, ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki duba agogon waya minti ɗaya, a shekarunsa in ya kai 40 ko ya wuce, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, ki yi magana. Ki kula da idonsa ma, bayan ƙyanda bitamin A na ƙarewa a jiki, in kin ga yana runtse ido ba ya son haske, ko farin idon ya bushe ya yi wani abu kamar kumfa, ko baƙin ya yi hazo, a faɗa wa likita ranar, kar ki buɗe idon da ƙarfi kar kuma a ɗiga masa komai na gida, irin wannan ne ke farawa da dundumi ya ƙare da makanta. Ki leƙa bakinsa kullum, farin abu a harshe ko gyambo a dasashi ko wari, saboda ciwon noma mai cin fuska daga ɗan gyambon dasashi yake farawa a jikin yaran da tamowa da ƙyanda suka raunana, har asibiti guda aka ware masa a Sakkwato. Wuraren da fatar ta saɓule kuma a bar su a bushe a shafa abin da aka ba ku kawai.

Alamar sauƙi ba a sikeli za ki fara ganinta ba. Ranar da ya shanye kofinsa ya bi shi da ido yana neman ƙari, ranar da ya fizge miki ɗankwali, ranar da kika yi masa wasa ya ɗan murmusa, to ranar ce mu a ɗakin muke cewa wannan ya juyo. Yawanci matakin farkon nan kwana 2 zuwa 7 ne, mai kumburi da gyambon fata yana iya wuce haka, ku kuma kuna kwana na 5 kumburi na sacewa, wato kuna bakin gaɓa ake cewa ku koma tsakiyar kogi. Daga nan za a canja masa zuwa madara mai kauri F-100 ko kuma a gwada shi da wannan ledar gyaɗar, Plumpy'Nut ko irinta, leda ɗaya giram 92 ce tana da kalori 500, gyaɗa ce da madarar gari da suga da mai da bitamin. Tun yunwar 2005 a Nijar, da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi wa dubban yara magani da ita a yankin Maraɗi, aka tabbatar yawancin masu tamowa a gida ma za su warke in suna iya ci, ana kwantar da waɗanda suka ƙi abinci ne ko masu kumburi sosai ko masu wani ciwon a kai, irin ɗanki. Da zarar yana cin ledar da kyau, kumburi ya sauka, ciwon ya lafa, za a sallame ku ku riƙa zuwa karɓa duk mako ana auna shi, har awon damtsensa ya kai 12.5 kuma ya yi sati 2 ba kumburi. A lokacin ne za ki ga ƙibar gaske. Ledar kuma magani ce tasa shi kaɗai, ba a raba wa yaran gida ba a sayarwa ba a dama kunu da ita, a ba shi da ruwan sha mai tsafta a kusa.

Saura Hajiya da maigida, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Kar ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ki tuna ita ma tsoro ne ke cinta, a hannunta yaron ya kumbura, ko ba ta faɗa ba abin na ranta. Gobe da safe kafin likita ya shigo zagaye ki samu babbar nas ɗin ɗakin ki gaya mata a fili cewa ana so a fitar da yaron, wallahi sun saba da wannan, ki roƙe ta ita ko likita su zauna da Hajiya da maigida su yi musu bayani da bakinsu, a nuna musu katin da ake rubuta nauyinsa, a danna ƙafar a gabansu su ga yadda lotsawar ta ragu, in da hali a nuna musu wani yaron da ya zo a kumbure yanzu yana zaune yana cin ledarsa. Abin da surukarki ba za ta karɓa daga bakinki ba za ta karɓa daga bakin likita. Ke kuma ki ce mata "Hajiya ni kaɗai ba zan iya ba, ki taimaka min da riƙonsa", ki ba ta aikin ɗumama shi a ƙirjinta da rana ke ki samu ki runtsa, ki ba ta kofin ta ba shi da hannunta yadda nas ta nuna. Kakar da aka ba ta aiki a ɗakin jinya sau da yawa ita ke komawa mai gadin ƙa'idar, har ta hana wasu shigo da kunu. Shi kuma maigida ki same shi shi kaɗai ba a gaban mahaifiyarsa ba, ki ce masa ba ki ƙi maganar Hajiya ba, alfarmar kwana uku kike nema, kuma ya sani in za a fita da yaron ba da izinin likita ba shi za a miƙa wa takarda ya sa hannu, ya tambayi likitan ido da ido me zai faru in an cire shi daga madarar nan yau. In ya ƙi ji ki kira wanda yake jin nauyinsa, kawunsa ko yayansa ko limamin unguwarku, yau da daddare ba sai gobe ba. In kuma kuɗi ne matsalar da ba a faɗa ba, zaman asibiti da cin abincin masu jinya, ki gaya wa nas, a yawancin cibiyoyin tamowa madarar da ledar kyauta ne.

Masu cewa kun kasa ciyar da ɗanku, ki bar su da bakinsu. Na ga tamowa a gidan da ake sauke tukunya sau uku, domin yaro ɗan wata 19 cikinsa ɗan ƙarami ne, in aka cika shi da koko ya ƙoshi amma bai ci komai ba, balle wanda ciwo ya hana shi ci. In kun koma gida kuma ya gama da ledarsa, kwanonsa daban za ki yi masa kar a haɗa shi da manyan yara, sau 5 a rana, kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya a ciki, wake da aka dafa ya yi laushi da ɗan manja, ƙwai, kifi, hanta in ta samu, zogale a miya, nono ko madara. Ƙwai ba ya sa yaro sata, a ba shi. In nononki bai ƙafe ba ki tambayi nas ko za a mayar da shi, ba laifi ba ne.

Ke ma kina da wani a ciki, kuma mai jinya da ciki in ba ta ci ba ita ce ta gaba a gado. Tunda kina cikin asibitin ki yanki katin awo a nan, ki karɓi maganin ƙarin jininki ki riƙa sha, ke naki ba a jinkirta shi, kuma wanda za ki haifa in Allah ya kawo shi kar rigakafin ƙyandarsa na wata 9 ya wuce ku. Yau da daddare ki nemi 'yar uwarki ko ƙanwar maigida ta kwana da ku ku raba dare biyu, ɗaya na barci ɗaya na riƙe da kofi. Ki sake rubuto min ranar da ya nemi ƙari, ina jira. Allah ya tashi kafaɗarsa.